Baden-Powell, Sojan Da Ya Ɗora Wa Yara Kaya Ya Kai Su Daji

Duk lokacin da hutun makaranta ya gabato, sai mu ga 'yan Birged da 'yan Sikawut na ikilisiyoyinmu suna ta shirin fita sansani, kowane yaro da jakar goyonsa da bargonsa da 'yar tukunyarsa. A lokacin ne kuma iyaye sukan tare mu a bakin majami'a suna tambaya, wai mene ne amfanin yaro ya bar gadonsa da tuwon uwarsa ya tafi ya kwana a daji. Tambaya ce mai kyau, ta kuma cancanci amsa. Saboda haka a filinmu na tarihin shahararrun mutane na wannan mako mun ɗauko rayuwar mutumin da ya kafa ƙungiyar Sikawut, wato Robert Baden-Powell na ƙasar Ingila.

Maraya a gidan fasto

An haife shi a birnin Landan ran 22 ga Fabrairu, 1857. Mahaifinsa, Rabaran Baden Powell, fasto ne na Ikilisiyar Angilikan, shaihin malamin lissafi ne kuma a Jami'ar Oxford. Yaron yana da shekara uku mahaifin ya rasu, a 1860, ya bar wa matarsa Henrietta ɗaki cike da 'ya'ya, ga shi kuwa ba wata dukiya ta a zo a gani. Ita ce ta yi tsaye ta rene su, ta kuma haɗa sunan mijinta da sunan gidan ya zama Baden-Powell domin kada a manta da shi.

A 1870 Robert ya sami gurbin karatu kyauta a makarantar Charterhouse. Bayan shekara biyu aka tashi makarantar daga cikin Landan aka mai da ita bayan gari, kusa da Godalming. A bayan filin wasanta akwai wani kurmi a gangaren tudu wanda aka hana ɗalibai shiga. Robert bai yi fice a aji ba, ko kaɗan. Amma da zarar ya sami sarari sai ya sulale ya faɗa kurmin nan. A can ya koyi ɗana wa zomo tarko, da feɗe shi, da gasa shi a 'yar wuta wadda ba ta hayaƙi domin kada malamai su hango. Ya koyi yin lamo a kan reshen itace har malami ya wuce ta ƙarƙashinsa, gama ya lura mai neman mutum bai cika ɗaga kai sama ba. Ba muna yabon karya dokar makaranta ba ne, amma gaskiya ita ce a kurmin nan ya fara karatun da ya amfane shi har tsufansa.

Lokacin hutu kuwa, shi da yayyensa maza sukan fita yawo da ƙafa ko da kwalekwale, babban wansu Warington yana shugabanta. Sun taɓa bin kogin Thames har kusa da mafarinsa, suka ɗauki kwalekwalen da kayansu suka ƙetare tudu zuwa wani kogi, da haka da haka har suka kai ƙasar Wales. A irin wannan tafiya kowa da aikinsa, shi da yake ƙarami sau da yawa girki da wanke-wanke ne rabonsa. Wanda ya yi sakaci da nasa aikin, kowa zai kwana da yunwa.

Soja a Indiya da Afirka

Bai sami shiga Oxford ba. Sai ya zauna jarrabawar aikin soja a 1876 ya ci da kyau ƙwarai, aka tura shi Indiya cikin sojan doki yana da shekara 19. Abin da ya ƙware a kai shi ne aikin leƙen asiri: bin sawu, da zana taswira, da tafiya da dare ta bin taurari, da gane abin da karyayyen reshe ko takakkiyar ciyawa ke nufi. Da ya fara horar da sojoji sai ya ga yawancinsu sun iya fareti amma in aka bar mutum shi kaɗai a daji ba ya iya ko hura wuta. Saboda haka ya riƙa kasa su ƙananan rukuni, ya sa wa kowane rukuni shugaba daga cikinsu, ya tura su da nisa su nemo labari su komo. Wanda ya ƙware ya ba shi lamba mai siffar kan allurar kamfas, wadda take nuna arewa. Ita ce asalin alamar da muke gani a rigar 'yan Sikawut.

A nan dole mu faɗi abin da wasu masu ba da tarihinsa sukan tsallake. Baden-Powell sojan mulkin mallaka ne, yaƙe-yaƙen da ya yi a Afirka kuwa na ƙwace ƙasar mutane ne. A ƙarshen 1895 aka aike shi Gwalkwas, wato Ghana ta yanzu, cikin rundunar da ta tasam ma Kumasi. Akwai sojojin Hausawa a cikin rundunar nan. Shi aka ba shugabancin ɗaruruwan 'yan ƙasa waɗanda suke wucewa gaba suna sare kurmi, suna kafa gadoji da itace da igiya, suna gina zango. A watan Janairu na 1896 Sarkin Asante, Prempeh na Ɗaya, ya miƙa wuya ba tare da an gwabza yaƙi ba, duk da haka aka ƙasƙantar da shi a gaban jama'arsa, aka kama shi aka fitar da shi daga ƙasarsa. Daga baya aka kai shi tsibiran Seychelles, bai komo gida ba sai 1924.

A cikin shekarar 1896 ɗin kuma aka tura shi ƙasar Matabele, a Zimbabwe ta yau, inda mutanen ƙasar suka tashi su kori Turawa. A duwatsun Matobo ya yi yawon leƙen asiri tare da wani Ba'amurke mai suna Frederick Burnham, gwanin zaman daji, ya ƙaru da shi ƙwarai. A can ne kuma ya sa aka yi wa wani shugaba mai suna Uwini shari'ar soja aka harbe shi. An binciki Baden-Powell a kan wannan, kotun bincike ta soja ta wanke shi, amma har yau masana tarihi suna ja-in-ja a kan al'amarin.

Kwana 217 a Mafeking

Abin da ya fito da sunansa a duniya shi ne yaƙin Ingilishi da Turawan Bowa a Afirka ta Kudu. A watan Oktoba na 1899 Bowa suka yi wa garin Mafeking ƙawanya, Baden-Powell yana ciki da sojojin da abokan gaba suka ninka su sau da yawa. Ya riƙe garin kwana 217, har gudummawa ta iso ran 17 ga Mayu, 1900. Da dabara ya fi yin yaƙin. Ya sa aka binne akwatunan yashi a gaban idon Bowa kamar nakiyoyi ne. Ya sa sojojinsa su riƙa ɗaga ƙafa suna tsallake wayar ƙaya wadda babu ita, masu hange daga nesa suka ɗauka an kewaye wurin.

Da yake maza sun yi kaɗan, wani hafsa mai suna Lord Edward Cecil ya tattara yaran Turawa na garin, aka ba su kaki, aka sa su kai saƙo da wasiƙu da zaman gadi, domin manya su tafi bakin daga. Yaran suna ratsa garin a kan keke ana ruwan harsashi, ba su fasa ba. Shugabansu yaro ne mai suna Warner Goodyear, har aka buga hotonsa a kan keke a kan sarkin da garin ya yi amfani da shi lokacin ƙawanyar. Baden-Powell ya lura da abu guda wanda bai taɓa mantawa ba, wato yaro in an amince masa aka ɗanka masa aiki na gaske, yakan riƙe shi da hannu biyu.

Amma a garin nan akwai baƙaƙen fata dubbai, 'yan kabilar Barolong da baƙi ma'aikata. Sun yi yaƙi, sun haƙa ramuka, sun ratsa layin abokan gaba da saƙo. Da abinci ya yi ƙaranci, rabonsu bai kai na Turawa ba, aka matsa wa wasu su bar garin, da yawa kuma yunwa ta kashe su. Wani Kirista ɗan ƙasar mai suna Sol Plaatje, wanda yake tafinta a kotun garin, ya rubuta abin da ya gani kowace rana, aka buga rubutun shekaru da yawa bayan rasuwarsa. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye laifin Dawuda ba, mu ma bai kamata mu ɓoye na wannan mutum ba.

Haɗuwarsa da mai Birged

Ya koma Ingila yana Manjo Janar, jarumin da kowane yaro ya san sunansa. Sai ya tarar wani ɗan littafi da ya rubuta domin sojoji, mai suna Aids to Scouting, ya shiga hannun malaman makaranta da shugabannin matasa suna koyar da yara da shi.

A nan tarihinsa ya gamu da namu. A birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan akwai wani malamin Makarantar Lahadi mai suna William Alexander Smith, wanda rashin jin yaran ajinsa ya dame shi har ya kafa ƙungiyar Boys' Brigade ran 4 ga Oktoba, 1883. Smith ya riga ya fara kai yaransa sansani tun 1886, a lokacin da iyaye da yawa suke ganin hauka ne a kai yaro ya kwana a waje. A 1904 ya gayyaci Baden-Powell ya duba faretin 'yan Birged wajen 7,000 a Gilasgo. Baƙon ya yaba ƙwarai, amma ya nuna cewa da za a ƙara wa yaran abubuwa masu jan hankali ban da maci, da yawansu ya ninka sau goma. Smith bai ji haushi ba. Sai ya ba shi shawara ya sake rubuta littafin nan na sojoji ya dace da yara. Wannan shawara ta malamin Makarantar Lahadi ita ce ta haifi Sikawut.

Daga baya da sabuwar ƙungiyar ta bunƙasa, Smith bai yarda a haɗe ta da Birged ba, domin manufar Birged ita ce faɗaɗa mulkin Almasihu a tsakanin yara maza, kuma kowane kamfani yana ƙarƙashin ikilisiya. Duk da haka mutanen biyu sun ci gaba da girmama juna har rasuwar Smith a 1914.

Mako guda a tsibirin Brownsea

Kafin ya buga littafin, Baden-Powell ya so ya gwada ko dabarar za ta yi aiki. A farkon watan Agusta na 1907 ya kwashi yara 20 zuwa tsibirin Brownsea a kudancin Ingila. Da gangan ya gauraya su. Wasu 'ya'yan masu hali ne daga manyan makarantu irin su Eton da Harrow, wasu kuwa 'yan Birged ne, 'ya'yan ma'aikata daga garuruwan Poole da Bournemouth. 'Ya'yan masu hali sun biya fam guda, na ma'aikata sule uku da sisi. A Ingila ta wancan zamani irin waɗannan yara ba sa cin abinci a akushi ɗaya.

Ya kasa su rukuni huɗu, ya ba su sunayen Kyarketai, da Bijimai, da Hankaki, da wani tsuntsun bakin ruwa. Kowane rukuni da tantinsa da tutarsa da shugabansa, shugaban kuwa yaro ne kamarsu, shi ke da alhakin 'yan rukuninsa dare da rana. Da asuba Baden-Powell yakan tashe su da busar ƙahon kudu, wani naman daji mai kama da gwanki, wanda ya zo da shi daga ƙasar Matabele. Sai addu'a da ɗaga tuta, sa'an nan aikin yini: kafa tanti, ƙulle-ƙullen igiya, hura wuta, bin sawu, sanin itatuwa da tsuntsaye, taimakon gaggawa, da ceton wanda ruwa ya ci. Da dare su kewaye wuta yana ba su labari, su rufe da addu'a.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne wannan. Da yamma akan zaɓi rukuni guda, a ba su garin alkama da dankali da nama da ganyen shayi, su naɗe barguna su goya, su tafi wani gefen tsibirin. A can za su zaɓi wurin kwana da kansu, su hura wuta, su dafa abincinsu, su sa masu gadi, da safe su komo su ba da rahoto. Ba mai dafa musu, ba mai ɗaukar musu kaya. Ɗan attajiri da ɗan lebura duk nauyi ɗaya suke ɗauka, wanda ya ƙona tuwon kuwa kowa ya san shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, yaran nan sun gane haka cikin dare guda.

A watan Janairu na 1908 littafin Scouting for Boys ya fara fitowa kashi-kashi, kashi shida, kowane mako biyu. Nufin marubucin shi ne ƙungiyoyin da suke akwai su yi amfani da shi. Amma yara ba su jira kowa ba, suka riƙa haɗa rukuninsu a unguwa suna neman babban da zai shugabance su. A cikin tsarin da ya shimfiɗa, yaro ba ya kai matsayi na ɗaya sai ya yi tafiyar mil bakwai da ƙafa ko da kwalekwale ya komo, ba babba tare da shi, ya kuma kawo rahoton abin da ya gani a hanya. Alkawarin da kowane yaro yake ɗauka ya fara ne da hakkin Allah a kansa, an kuma ɗora masa ya yi wa wani alheri kowace rana ba tare da karɓar lada ba. Baden-Powell ya gaskata cewa yaron da ya kwana a fili ya dubi taurari, ya lura da yadda tsuntsu yake saƙa sheƙarsa, zuciyarsa za ta karkata ga Mahalicci.

A 1909 'yan Sikawut wajen 11,000 suka taru a Crystal Palace a Landan, har da 'yan mata waɗanda suka zo ba gayyata suka nace su ma a karɓe su. Wannan ya sa aka kafa ƙungiyar 'yan mata ta Girl Guides a 1910 a hannun ƙanwarsa Agnes. A shekarar nan ya ajiye kakin soja ya ba da kansa ga aikin yara. A 1912 ya auri Olave Soames, suka haifi 'ya'ya uku. Birged ta iso Nijeriya a 1908 ta Legas, Sikawut kuma ta biyo baya a 1915.

Ƙarshen tafiya

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye samari da yawa waɗanda suka taso cikin ƙungiyar. Bayan yaƙin, tsohon sojan ya mai da hankali ga ƙulla zumunci tsakanin yaran ƙasashe. A 1920 aka yi babban taron Sikawut na duniya na farko a Landan, yara wajen 8,000 daga ƙasashe 34, aka naɗa shi Shugaban Sikawut na Duniya. A 1929 Sarkin Ingila ya ba shi sarautar Lord. Ya yi ban kwana da yaransa a taron ƙasar Holan a 1937, da ƙarfinsa ya ragu kuma ya koma garin Nyeri na ƙasar Kenya a 1938. A can ya rasu ran 8 ga Janairu, 1941, yana da shekara 83. A kan dutsen kabarinsa an zana da'ira da ɗigo a tsakiya, alamar da ɗan Sikawut yake bari a hanya domin na baya su san ya koma gida. Ƙungiyar da ta fara da yara 20 yanzu tana da fiye da mutum miliyan 50 a duniya.

Abin da ya rage gare mu

To, ga amsarmu ga iyaye. Yaron da kullum ake ɗaukar masa kaya ba zai san ƙarfin wuyansa ba. Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa suke tura yaro kiwo da gona tun yana ƙarami. Yawancin 'ya'yanmu na birni ba su da garke ba su da gona, ga waya a hannu dare da rana, sansanin ikilisiya ne kaɗai wurin da ya rage inda za a ce wa yaro ga yara biyar, kai ne shugabansu, ka kai su ka komo da su lafiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu tuna Ubangiji ya horar da Musa da Dawuda a bayan tumaki kafin ya ba su jama'a, kuma ran da aka ciyar da mutum dubu biyar, yaro ne ya zo da guzurinsa.

Ga hafsoshin Birged da shugabannin Sikawut kuma, muna roƙonku kada aikin ya tsaya ga maci da ganga da raka gawa. Ku fitar da yaran, ku bar su su dafa ko da zai ƙone, ku bar shugaban rukuni ya yi kuskurensa ya gyara. Amma amana ce a hannunku. A wannan zamani na rashin tsaro ba kowane daji ake shiga ba. Ku zaɓi wurin da aka sani, ku sanar da mai gari da jami'an tsaro, ku sami yardar iyaye da ta dattawan ikilisiya, ku tanadi ruwa mai tsabta da gidan sauro da akwatin magani, kada kuma babba guda ya keɓe da yara shi kaɗai.

A ƙarshe, mu riƙe abin da William Smith ya riƙe. Daji yana koya wa yaro jimiri da lura da taimakon ɗan'uwa, amma ba ya wanke zunubi. Rayuwar Baden-Powell da kanta ta nuna mutum yana iya zama gwanin bin sawu ya kuma taka hakkin maƙwabcinsa. Saboda haka in ana shirya jakar goyo, a sa Littafi Mai Tsarki tare da bargo, a kuma buɗe shi kowace safiya da kowane dare a bakin wuta. Allah ya kiyaye fitar 'ya'yanmu da komowarsu, ya ba shugabanninsu hikima. Amin.